Thomas Lincoln: Manomin Bakin Daji Da Takardun Fili Suka Hana Shi Zama

A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, dubban ƙananan manoma a Amurka sun riƙa tsallaka tsaunukan Appalachia suna nausawa yamma, suna sare daji suna kafa gonaki a wuraren da hukumar Turawa ba ta gama zama da gindinta ba. Mafi yawansu sun rayu sun mutu ba a rubuta komai a kansu ba, in ban da sunayensu a kundin haraji ko a takardun kotu. Da Thomas Lincoln ma ya bi sahunsu, ba don ɗansa Abraham ya zama shugaban Amurka na 16 ba. Albarkacin ɗan ne masu bincike suka bi diddigin uban, suka tono kowace takardar ciniki da kowace ƙara da sunansa ya fito a ciki, har ya zama ɗaya daga cikin manoman wancan zamani da aka fi sanin rayuwarsu dalla-dalla.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankali a tarihinsa ita ce abin da ya hana shi zama wuri guda. An haife shi a Virginia, ya girma a Kentucky, ya yi shekara 14 a Indiana, ya rasu a Illinois. Marubutan farko, musamman William Herndon wanda ya yi aikin lauya tare da Abraham, sun zana shi a matsayin rago marar alƙibla, mai tattara komatsansa da zarar aiki ya yi nauyi. Wannan hoto ya yi wa masu yabon shugaban daɗi, domin gwargwadon ƙasƙancin uban, gwargwadon girman abin mamakin da ɗan ya zama. Amma da Louis Warren ya shiga kundayen kotunan gundumomin Kentucky a shekarun 1920, abin da ya fito da shi ya sha bamban da wancan labari, kuma ya nuna cewa dokar gado da dokar mallakar fili sun fi halin mutumin tasiri a kan yawan ƙaurarsa.

Zuriyar ba ta talakawa tuburan ba ce. Kakansu na farko a Amurka, Samuel Lincoln, almajirin masaƙi ne da ya bar yankin Norfolk na Ingila a 1637 ya sauka a garin Hingham na Massachusetts. Ɗansa da jikansa, dukansu masu suna Mordecai, sun yi sana'ar ƙarfe, kuma na biyun ne ya kai gidan New Jersey, daga nan Pennsylvania. John Lincoln, kakan Thomas, ya gangara kwarin Shenandoah na Virginia a 1768 ya mallaki gona mai faɗi. Ɗansa Abraham, wanda shugaban ƙasa ya ci sunansa, kyaftin ne a rundunar sa-kai ta yankinsu, kuma a farkon shekarun 1780 ya sayar da gonarsa ya kwashi iyalinsa zuwa Kentucky, inda ya tara fili fiye da eka 5,000. Ke nan kowane tsatso na gidan yakan ƙara matsawa gaba, kuma har zuwa wannan lokaci matsawar tana ƙara musu arziki.

A watan Mayun 1786 al'amura suka juya. Kyaftin Abraham yana aiki a sabuwar gonarsa kusa da sansanin Hughes, a gabashin inda birnin Louisville yake, tare da 'ya'yansa maza uku, sai wani daga cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa, ya harbe shi daga cikin daji. Josiah ya ruga sansani neman agaji, babban, Mordecai, ya faɗa bukka ya ɗauko bindiga, aka bar ƙaramin, Thomas, mai shekara 8, kusa da gawar mahaifinsa. Da maharin ya fito ya nufi yaron, Mordecai ya harbe shi. An daɗe ana ba da wannan labari a gidan, amma a ba da shi daga ɓangare ɗaya kawai rashin adalci ne. Kentucky ba ƙasa ce da babu mai ita ba. Dajin farautar ƙabilun Shawnee da Cherokee ne, kuma a wurinsu mutumin da ke sassabe a cikinsa maharin ne, ba su ba.

Kyaftin ya mutu bai bar wasiyya ba. Kentucky a lokacin wani yanki ne na Virginia, kuma tsohuwar dokar da aka gada daga Ingila ta ce idan mutum ya mutu babu wasiyya, babban ɗansa namiji ne ke gaje filinsa gaba ɗaya, matar mamacin kuwa tana da damar cin moriyar kashi ɗaya cikin uku iya tsawon ranta. Mai karatun da ya saba da rabon gado irin na Musulunci, inda kowane ɗa da kowace 'ya ke da kaso sananne, zai ga nisan da ke tsakanin tsarin biyu. Abin takaicin shi ne majalisar Virginia ta riga ta soke wannan doka a 1785, bisa daftarin da Thomas Jefferson ya tsara, amma sokewar ba ta fara aiki ba sai ranar 1 ga Janairun 1787. 'Yan watanni ne kawai suka raba Thomas da kasonsa. Mordecai ya gaji filayen ya zama mai faɗa a ji a yankinsu, ƙaninsa kuwa ya tashi yana ƙodago a gonakin mutane. Har shekara guda ya yi yana aikin lada a wurin baffansa Isaac a bakin kogin Watauga, cikin Tennessee ta yau. Bai samu karatu ba. Ɗansa ya rubuta daga baya cewa iyakar rubutun mahaifinsa shi ne sa hannu da sunansa, shi ma da ƙyar.

Duk da haka bai zauna ba. Ya koyi kafinta a garin Elizabethtown, kuma wasu daga cikin kabad-kabad ɗin da ya ƙera suna ajiye a gidajen tarihi har yau, aiki ne mai tsafta na wanda ya san katako. A 1803, yana da shekara 25, ya sayi gona mai eka 238 a Mill Creek kan fam 118, kuɗi hannu. A 1806 ya yi wa wasu 'yan kasuwar garin rakiyar kaya a jirgin katako ta kogin Ohio da Mississippi har New Orleans, ya dawo ya auri Nancy Hanks ranar 12 ga Yuni. Suka haifi Sarah a 1807. Takardun gundumar Hardin sun nuna an sha sa shi cikin masu taya alƙali yanke hukunci, an ba shi gadin fursunoni, an ɗora masa kula da hanya. Ba a ba wanda ba a yarda da shi ba irin waɗannan ayyuka.

Abin da ya karya shi yana cikin yadda Virginia ta raba ƙasar Kentucky. Gwamnati ba ta fara auna ƙasar ba kafin ta sayar. Mutum yakan sayi takardar izinin eka kaza daga baitulmali, ko a ba shi ita ladan aikin soja, sannan ya shiga daji da kansa ya zaɓi inda ya ga dama, ya yi rajista, ya kira mai safiyo ya shata masa iyaka. Iyakar kuwa da itatuwa da duwatsu da rafuka ake kwatanta ta: daga wannan itace zuwa wancan dutse, daga can zuwa kwanar rafi. Itace yakan faɗi, rafi yakan sauya hanya, mai safiyo na biyu bai san abin da na farko ya yi ba, kuma attajiran da ke zaune a biranen gabas sun sayi takardun dubban eka da ba su taɓa takawa ba. Sai mallaka ta riƙa hawa kan mallaka kamar jerin ciyawar jinka, fili ɗaya yana da masu shi uku ko huɗu, kowa da takardarsa. Hatta Daniel Boone, wanda ya buɗe wa Turawa hanyar shiga Kentucky, ya rasa filayensa ta wannan hanya. Wanda ke da kuɗin lauya da haƙurin shekaru shi ke cin shari'a, ƙaramin manomi kuwa yakan wayi gari an ce gonar da ya share ya shinge ta wani ce.

Sau uku wannan ya faɗa wa Thomas, kowanne da irin salonsa. A Disambar 1808 ya sayi gonar Sinking Spring, kimanin eka 300, a hannun Isaac Bush kan dala 200, kuma a nan aka haifi Abraham ranar 12 ga Fabrairun 1809. Ashe wanda ya sayar wa Bush, wani David Vance, bai gama biyan mai filin na asali, Richard Mather, ba, kuma yarjejeniyarsu ta ce filin na nan a matsayin jingina har sai an cika kuɗin. Ragowar bashin bai kai dala 100 ba, kuma ba Thomas ya ci shi ba, amma a 1813 Mather ya shigar da ƙara, a 1816 kotu ta ba da umarnin a yi gwanjon gonar. Ita kuwa gonar Mill Creek, da ya zo sayar da ita a 1814 aka tarar da kuskure a awon, eka 200 kawai takarda ta tabbatar masa, ya sayar kan fam 100, ƙasa da yadda ya saya shekara 11 da suka wuce. Tun 1811 ya koma da iyalinsa Knob Creek, inda yake noma eka 30 na ƙasar kwari mai albarka, inda kuma ɗansa namiji na biyu, mai sunansa, ya rasu yana jariri. Nan ma magadan wani Thomas Middleton na Philadelphia suka taso da takardar wani makeken fili, suka nemi kotu ta tashe shi tare da maƙwabtansa tara.

A tarihin kansa da ya rubuta lokacin neman zaɓe a 1860, Abraham ya ce mahaifinsa ya bar Kentucky ne saboda bauta a wani ɓangare, amma babban dalili shi ne rikicin takardun fili. Jerin da ya yi wa dalilan ya dace da abin da takardu suka nuna. Gaskiya ne Thomas da Nancy suna cocin Little Mount, na 'yan Baptist da suka ware daga 'yan'uwansu saboda ƙin bauta. Gaskiya ne kuma a gundumar da ke da bayi fiye da 1,000 a 1811, kafinta ko ɗan ƙodago mai 'yanci yana gogayya ne da bawan da ubangidansa ke bayarwa haya da arha, don haka ƙin bautar ba na addini kaɗai ba ne, har da na tuwo. Sai dai bai kamata a mai da shi gwarzon 'yanta bayi ba, domin a 1805 sunansa ya fito cikin 'yan sintirin gunduma, waɗanda aikinsu ya haɗa da kama bawan da aka gani a hanya babu takardar izini.

Tsallaken kogin Ohio tsarin dabam ne. Wata dokar ƙasa ta 1785 ta wajabta wa gwamnatin tarayya auna ƙasa kafin sayarwa, a yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane babban yanki mil 6 a tsaye mil 6 a kwance, a cikinsa ƙananan yankuna 36 masu eka 640 kowanne. Fili yana da lamba, ba itace ko dutse ba, kuma mai sayarwa ɗaya ne, wato gwamnati. Dokar 1787 kuma ta haramta bauta a yankin. A Disambar 1816, watan da Indiana ta zama jiha, Thomas ya haye da matarsa da 'ya'ya biyu, suka kutsa kimanin mil 16 cikin kurmi zuwa Little Pigeon Creek. Wannan ƙasa ma ba daga sama gwamnati ta same ta ba: a 1804 gwamna William Henry Harrison ya karɓe ta daga ƙabilun Delaware da Piankeshaw ta hanyar yarjejeniya. Tsaftatacciyar takardar da manomin ya zo nema an gina ta ne a kan korar wasu.

A Oktoban 1817 ya tafi ofishin filaye na Vincennes ya yi rajistar eka 160 kan dala 2 kowace eka, ya biya dala 16 nan take, ya cika dala 80 kafin ƙarshen shekara, wato rubu'in kuɗin, sauran bashi. A nan ne wahalar irin wannan noma take. Manomin bakin daji yana da masara da alade da naman farauta, ba ya kwana da yunwa, amma tsabar kuɗi ba ta zuwa hannunsa, domin kasuwa tana da nisa kuma kowa a unguwar abu ɗaya yake nomawa. Kafin a shuka sai an sare manyan itatuwa ko a yanke musu ɓawo a zagaye su bushe a tsaye, a ƙone, a tsaga gumagumai a yi shinge saboda dabbobi. Abraham bai cika shekara 8 ba aka danƙa masa gatari. Da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe a 1819, manoma da yawa suka kasa biyan gwamnati, har majalisa ta soke sayar da fili bashi a 1820 ta rage farashi zuwa dala 1.25, sannan a 1821 ta ba masu bashi damar mayar da wani ɓangare na filinsu a lissafa abin da suka biya a kan sauran. Da wannan dama Thomas ya saki rabi, ya samu cikakkiyar takardar mallakar eka 80 a 1827, shekara goma bayan rajista.

Kafin nan gidan ya sha mutuwa. A kakar 1818 wata cuta da suke kira ciwon madara ta shiga unguwar. Shanun da ke kiwo a cikin kurmi sukan ci wani tsiro mai farin fure da ke da dafi, dafin ya bi ta nono da nama ya kama mutum da amai da rawar jiki, cikin mako guda ya kashe. A lokacin ba su san musabbabinta ba, sai a ƙarni na 20 masana suka tantance dafin. Ta fara ɗauke Thomas Sparrow da matarsa Elizabeth, dangin Nancy da suka biyo su daga Kentucky, sannan Nancy kanta ta rasu ranar 5 ga Oktoba. Mijinta ne ya ƙera akwatin da aka binne ta. Bayan shekara guda ya koma Elizabethtown ya nemi auren Sarah Bush Johnston, ƙanwar Isaac Bush ɗin nan da ya sayar masa da gonar rikici, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da 'yan basussuka. Ya biya basussukan, aka ɗaura aure ranar 2 ga Disambar 1819. Ta zo da gado da katifa da kayan ɗaki, ta sa shi ya yi wa bukkar daɓen katako da ƙofa da taga. Aure a irin wannan wuri sha'anin rayuwa ne kafin ya zama na soyayya, domin gonar da babu mace mai saƙa da ɗinki da sarrafa abinci ba ta tsayawa, haka ma macen da ke da marayu babu mai noma. Sarah ta riƙe 'ya'yan mijinta kamar nata, kuma ita ce ta tsaya wa Abraham a kan son karatunsa.

Tsamin dangantakar uban da ɗan yana da tushe a cikin wannan tattalin arziki. Doka ta ba uba ikon karɓar ladan aikin ɗansa har ya cika shekara 21, kuma Thomas yakan tura Abraham aiki a gonakin maƙwabta ya karɓi kuɗin. A idon uban wannan ba zalunci ba ne, hanya ce ta samun tsabar kuɗin da gona ba ta bayarwa, kuma shi ma haka ya tashi. A idon ɗan, wanda duk zamansa a makaranta bai kai shekara guda ba, littafi ne ƙofar fita daga rayuwar da uban ke ɗauka ita ce rayuwa. Ina ganin kowannensu ya karanta zamaninsa daidai, sai dai zamanin nasu ba ɗaya ba ne.

A Janairun 1828 Sarah, 'yar Thomas ta fari, ta rasu wajen haihuwa. A ƙarshen 1829 ciwon madara ya sake ɓullowa, ga kuma saƙon John Hanks, ɗan'uwan Nancy, yana yaba ƙasar Illinois. Thomas ya sayar da eka 80 ɗin kan dala 125, ƙasa da farashin da gwamnati ta sa musu tun suna kurmi, kuma a Maris na 1830 mutum 13 suka kama hanya da kekunan shanu zuwa bakin kogin Sangamon kusa da Decatur. Wannan ƙaura ita ce mai wuyar karewa, domin a karon farko yana da takardar da babu mai ja da ita, ya kuma bar ta. Zazzaɓi ya kama su a kaka, hunturun da ya biyo baya ya zo da dusar ƙanƙara mai zurfin da mutanen Illinois suka daɗe suna lissafin shekaru da ita. A 1831 ya koma gundumar Coles, Abraham kuwa, da ya riga ya cika shekarun 'yanci, ya kama gabansa zuwa New Salem.

Shekaru 20 na ƙarshe ba su da armashi. Ya sauya gona fiye da sau ɗaya a cikin gundumar kafin ya zauna a Goosenest Prairie, ƙarfi ya ragu, ido ya raunana, kuma agolansa John D. Johnston ya riƙa jawo shi cikin harkoki da basussukan da suka kai su kotu. A 1841 Abraham, wanda ya zama lauya a Springfield, ya sayi eka 40 daga gonar kan dala 200, ya rubuta cewa uban da matarsa za su ci moriyarta har ƙarshen ransu, dabarar da ta sa masu bin bashi ba za su iya taɓa wannan yanki ba. A 1848 ya aika masa dala 20 don kada a yi gwanjon gonar kan wani tsohon hukunci, ko da yake wasiƙar ta nuna yana shakkar labarin. Da aka sanar da shi a Janairun 1851 cewa uban yana gargara, ya amsa cewa aiki da rashin lafiyar matarsa sun hana shi zuwa, kuma ko sun haɗu, ganawar za ta iya fin zama ciwo a kan daɗi. Thomas ya rasu ranar 17 ga watan yana da shekara 73, bai taɓa ganin surukarsa Mary Todd ko jikokinsa na wajenta ba, kuma ɗan bai halarci jana'izar ba.

Abraham ya gaji eka 80 ya miƙa wa Johnston kan dala 1, amma ya ƙi yarda a sayar da eka 40 ɗin nan lokacin da Johnston ya so tattarawa ya koma Missouri, yana mai cewa wannan abincin tsohuwa ne. A 1853 ya raɗa wa ɗansa na huɗu suna Thomas, kuma a ƙarshen Janairun 1861, kafin ya tafi Washington karɓar mulki, ya je ya gaida matar mahaifinsa ya ziyarci kabarin. Ita ta rayu har 1869. A matsayinsa na shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar 20 ga Mayun 1862, wadda ta ba duk wanda ya zauna ya noma eka 160 na gwamnati tsawon shekara biyar damar mallakarsu ba tare da biyan kuɗin fili ba, sai ɗan kuɗin rajista. Cikin 'ya'yan Thomas uku, Abraham kaɗai ya bar zuriya, cikin 'ya'yan Abraham huɗu kuma Robert kaɗai ya yi tsawon rai har ya yi aure, kuma wannan reshe ya ƙare a 1985 da rasuwar Robert Todd Lincoln Beckwith, jikan Robert.